Taƙaitawa: tallafin lokacin korona a Garwa da Marwa

'Yan uwa, ga abin da aka tattauna kan matakan da Firaministan Kamaru Dion Ngute ya sanar ranar 30 ga Afrilu 2020.

1. An yarda cewa yafe harajin Afrilu zuwa Yuni ya taimaki masu tasi da masu babur na haya, haka ma yafe kuɗin wurin zama a kasuwa ga masu sayar da kayan abinci. Matsalar ita ce wasu sun biya saboda labari bai kai musu ba. A riƙa karɓar rasit, a adana.

2. An sanar da ƙara kuɗin yara na CNPS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa) daga sefa 2,800 zuwa 4,500 a wata. Amma sai ma'aikacin da maigidansa ya yi wa rajista. Tela, mahauci, ɗan dako duk ba su ciki, kuma wannan ya fi damun kowa, har da ni. Shawara: a nemi lambar CNPS tun ana lafiya.

3. Yafe tarar jinkirin biyan kuɗin CNPS a lokacin sai an rubuta takarda da hujja.

4. An rabu kan yadda za a raba asusun yaƙi da korona na sefa biliyan 180 da gwamnati ta ware daga baya a 2020. Wasu na son kuɗi kai tsaye ta waya, wasu ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tunda su suka san mutanensu.