Tambaya kan fara amfani da npm a inda sabis ke da rauni

Ɗalibi daga Garki:
Assalamu alaikum. Ina koyon JavaScript a wani ƙauye kusa da Garki, a Jihar Jigawa. Abokina ya kwafo mini aikinsa a filashi, foldar node_modules kaɗai ta ɗauki kusan rabin awa tana kwafuwa, sannan aikin ya ƙi tashi a kwamfutata. Ina roƙon malamai su bayyana mini yadda ake fara amfani da npm, manhajar da ke girka wa aikin JavaScript abubuwan da yake buƙata, musamman ga wanda sai ya hau tudun bayan firamare yake samun sabis.

Malam daga Ringim:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar daga kwafo node_modules ta samo asali, wato foldar da npm ke zuba kunshi (shirye-shiryen da wasu suka rubuta da aikin ya dogara da su), domin akwai kunshin da ake harhaɗa su daidai da irin kwamfutar da aka girka su a kai, saboda haka wanda ya yi aiki a Linux na abokinka ba lallai ne ya yi a Windows ɗinka ba. Ka sauke Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta, sigar LTS, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita, domin npm tare da shi yake zuwa. Daga nan ka goge waccan folda, ka shiga cikin aikin ta terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta npm ci domin ya girka maka kunshin sabo. Fayil ɗin package.json tamkar takardar cefane ce, yana lissafa abin da aikin ke buƙata, shi kuwa package-lock.json yana riƙe da ainihin sigar kowane kunshi, kuma da shi npm ci ke aiki. Idan sabon aiki za ka fara, npm init -y zai ƙirƙira maka package.json, sai ka ƙaro kunshi da npm install express, misali.

Malama daga Kazaure:
Bayanin Malam ya wadatar, sai dai batun data ne ya fi damun irinmu. Duk kunshin da npm ya sauke yana ajiye kwafinsa a cikin kwamfuta, don haka ranar da ka shiga gari ka samu sabis mai kyau, ka girka abin da kake buƙata, in ka koma gida ka riƙa ƙara --prefer-offline a ƙarshen umarnin girkawa, domin npm ya fara ɗiba daga wancan kwafin. Ni dai pnpm na fi so, wata manhaja mai aiki irin na npm, domin a rumbu ɗaya yake tara kunshi, duk ayyukanka su ɗiba daga nan, ba a sake sauke su ba.

Malam daga Ringim:
Gaskiya ne, Malama, amma ina ganin ya fara sanin npm tukuna, tunda yawancin darussan da zai ci karo da su da shi aka rubuta su, kafin ya waiwayi pnpm ko makamancinsa Yarn, wanda Facebook ya fitar a 2016.