Zan koma Maradi gaba ɗaya, kamfani ya riƙe sallamata sai na kawo takardar haraji

Saƙo daga wani ɗan zaure, ya ce a sakaya sunansa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mutumin Maradi ne, aiki ya zaunar da ni Kaduna fiye da shekara goma, ina gyaran injuna a wani kamfani a Kakuri. Tsohonmu ƙarfi ya ƙare, ni ne babba, don haka na ba da takardar ajiye aiki, ƙarshen watan Yuni zan tattara in koma gida. Albashina naira 350,000, kuma duk wata a takardar albashi ina ganin an cire haraji, an cire fansho. Da na je wajen mai kula da ma'aikata sai ya ce albashin ƙarshe da giratuti ba za su fita ba sai na kawo shaidar biyan haraji, wai haka ake yi wa baƙo in zai bar ƙasa. Ni ban taɓa taka ofishin haraji ba, ban san ko suna da sunana ba ma. Ina da ɗan gida a Rigasa da mota. Maiɗakina 'yar Tudun Wada ce, ita da yara za su zauna a gidan har babbar ta gama sakandare sannan su biyo ni. Don Allah masu sani, me gwamnati ke bi na, kuma ta ina zan fara?

Na Kawo:

Malam, ka shiga motar Katsina a tashar Kawo, ka sauka Jibiya, ka tsallaka. Wa ya taɓa ganin an tare mutum a boda an ce ina rasit ɗin haraji? Ka karɓi kuɗinka ka kama gabanka.

Akanta Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam. Na Kawo, ai karɓar kuɗin ita ce matsalar, ka sake karanta saƙon. Kuma mutumin da ya bar gida da iyali a Rigasa bai gama da Kaduna ba.

Malam, harajin da ake cire maka a albashi shi ne PAYE, kuma ba na tarayya ba ne, na jihar da kake zaune ne. Ke nan naka yana zuwa hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, KADIRS. Doka ba ta duba fasfo a nan, ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya ne muddin a nan ake aikin. Kamfani ne ke cirewa, shi ne kuma zai zuba wa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin 31 ga Janairu ya kai jerin sunayen ma'aikatansa na shekarar da ta wuce, da abin da kowa ya samu da abin da aka cire masa. Takardar shaidar da suke ce maka ka kawo daga wannan jerin ake fitar da ita, tana nuna shekara uku da suka wuce, wato 2023, 2024 da 2025. To ka ga in kamfani ya yi nasa, fitar da ita ba wani aiki ba ne, yawanci ma su suke nema wa ma'aikatansu. In kuwa ana cirewa a takarda ba a kaiwa, nan ne za ka je ka tarar ba sunanka. Na sha ganin haka, kuma ba a ƙananan wurare kaɗai ba.

Abin da za ka yi gobe: ka haɗa takardun albashinka, aƙalla na shekara ukun nan, da bayanan asusunka na banki inda albashin ke shiga. Ka tambayi akantan kamfani lambar harajinka da kwafin rasit ɗin da suka biya da jerin sunayen da ke maƙale da shi. Rasit shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin kuɗin ma'aikata duka ake zubawa a dunƙule, jerin ne ke nuna naka kason. Ka duba yadda aka rubuta sunanka. Mutanen Nijar na yawan samun wannan, a fasfo an rubuta irin na Faransanci, a takardar albashi an rubuta irin namu, kwamfuta kuma ta ɗauke su mutum biyu. Daga nan ka je ofishin hukumar da kanka. Kada ka ba kowa tsabar kuɗi a hannu, jihar nan ta hana karɓar haraji hannu da hannu tun dokar 2016, ta banki ake biya ko ta intanet.

Ndagi:

Bakatsinen Maradi da biyan haraji? Lallai duniya ta zo ƙarshe. Ka bar min motar kawai, ni ubangidanka na yafe maka sauran. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Barista A.:

Ƙari a kan bayanin Akanta. Idan aka cire kuɗi a albashinka ba a kai ba, bashin yana wuyan kamfani, da tarar kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa a kai. Ba kai za a ce ka sake biya ba, amma sai ka iya nuna an cire, shi ya sa takardun albashin nan suka fi komai muhimmanci. Kada ka bar su a loka.

Maganar riƙe sallama kuwa, ka ce su rubuta maka, su nuna sashen doka ko sakin layi a yarjejeniyar aikinka da ya ba su wannan dama. Akwai ƙasashen da haka tsarin yake. A Singafo dole kamfani ya sanar da hukumar haraji wata guda kafin baƙo ya bar aiki, ya kuma riƙe kuɗinsa har a tantance. A Amurka akwai takardar izinin fita da ake son yawancin baƙi su karɓa daga hukumar harajinsu. Mu namu tsarin a kan kamfani ya rataya, shi ke cirewa tun daga tushe, don haka abin mamaki ne wanda ya riƙe kuɗin ya juyo ya ce kai ka kawo masa shaidar an biya. Albashin da ka yi wa aiki haƙƙinka ne. In abin ya ƙi, akwai ofishin ƙwadago na tarayya, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kaduna. Amma ban ce ka fara da faɗa ba. Ka rubuta wasiƙa cikin ladabi, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin an karɓa a ɗaya.

Duk da haka ka nemi takardar, don kanka ba don su ba. Ranar da za ka sayar da gidan Rigasa ko ka canza sunan mai mota, ko ka nemi banki ya fitar maka da kuɗi waje ta hanyar hukuma, ana iya tambayarka ita. Neman ta kana Kakuri da katin aiki a wuya daban, neman ta daga Maradi ta waya daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Ilham:

Ni abin da ya tsaya min a rai baiwar Allah da za a bari da yara. Don Allah duk takardar da ka samu ka bar mata kwafi, har ta gidan, kuma ta san wanda za ta kira in an kawo wata takarda daga gwamnati. Maza sai ku kulle komai a jaka ku tafi da shi. Wata maƙwabciyarmu haka aka liƙa mata takardar kuɗin ƙasa a ƙofa, maigidan yana wata ƙasa, ba ta san ko lambar fayil ɗin ba.

Akanta Unguwar Rimi:

Hajiya ta taɓo inda nake son zuwa. Tun 1 ga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ce ke aiki, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ita ce ma ta zo tare da sauya hukumar harajin tarayya daga FIRS zuwa NRS. Da can abin da aka fi sani shi ne kwana 183 a cikin wata 12, in ka kai su a ƙasa kai mazauni ne. Yanzu an faɗaɗa. Wanda ke da gidan zama na dindindin a nan da zai iya sauka duk lokacin da ya so, ko yake da iyali da harkar samu mai ƙarfi a nan, ana iya lissafa shi mazauni ko da jikinsa na wani wuri. Mazauni kuma ana duba abin da ya samu a ko'ina, ba na Najeriya kaɗai ba. Kai ga gida, ga mata da 'ya'ya a ciki. Ban ce za a bi ka Maradi da takarda ba, amma kada ka ɗauka tsallaka Jibiya ya rufe fayil ɗinka. Ka rubuta wa hukumar cewa ka bar aiki ranar kaza, ka koma ƙasarku, ka haɗa da takardar ajiye aiki, ka riƙe kwafi mai hatimi.

Ga kuma lissafin da mutane ba sa yi. A sabon tsari naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka har kashi 25 ga manya. Albashinka a shekara miliyan 4.2 ne. In na ajiye fansho da rangwamen haya gefe don sauƙi, harajin shekara 546,000 ke nan, wato 45,500 a wata. Zuwa Yuni an cire maka 273,000. Amma in ya zama wata shidan nan kaɗai ka samu kuɗi a bana, miliyan 2.1 ne, harajinsa 195,000. Rarar 78,000 ke nan a hannun gwamnati. Doka ta yarda a nemi a mayar, bayan ka cika fom ɗin bayanin kuɗin shigarka na shekara, wanda wa'adinsa 31 ga Maris ne, sun kuma bincika. Sai dai ka sa haƙuri, kuɗi in ya shiga asusun gwamnati ba ya gaggawar fitowa. In kuma ka kama wani aikin albashi a can kafin shekara ta ƙare, lissafin ya canza, a can ma za su cire nasu.

Idan iyali sun biyo ka ka sa 'yan haya a gidan, kuɗin hayar a Najeriya aka same shi, harajinsa na nan ko kana ina. In kamfani ne ya kama hayar zai cire kashi 10 ya kai, ka riƙa karɓar shaidar. Kuɗin ƙasa kuma na KADGIS ne, hukumar filaye ta jihar, shi daban.

Dakta daga Barnawa:

Ni da zan baro Ingila asibitin da nake aiki ya ba ni takardar barin aiki, P45, na cika fom ɗin masu barin ƙasa, P85, na aika wa hukumar harajinsu, da yake a tsakiyar shekarar harajinsu na taho, wadda ke farawa 6 ga Afrilu, suka mayar min da rara. Abin da ya taimake ni shi ne ban rufe asusun bankina na can ba. Kai ma kada ka rufe naka na nan, kuma ka riƙe layin wayar da ke haɗe da BVN ɗinka yana aiki. Layi in ya daɗe ba a amfani da shi ana ba wani, daga nan shiga asusunka ma sai ya zama shari'a.

Abu Sumayya:

Saudiyya ba a cire haraji a albashi, amma ba za a buga maka bizar fita ta ƙarshe ba in akwai mota da sunanka ko tarar hanya da ba ka biya ba. Kowace ƙasa da inda take kama mutum.

Hajiya mai Fansho:

Ba wanda ya yi maganar fansho, kuma ina jin ya fi duk kuɗin da kuke lissafawa yawa. Ƙanena, dokar 2014 ta ce ma'aikaci kashi 8, kamfani kashi 10, ana zubawa a asusu mai sunanka a kamfanin fansho. Ba kuɗin wurin aikinka ba ne, ba su da ikon riƙe shi. Ka je ofishin kamfanin fanshon ka ce a buga maka bayanin asusu tun daga farko, ka bi shi wata-wata da takardun albashinka, duk watan da babu ka ja layi. Wanda ke wasa da haraji yakan yi wasa da fansho. Ƙa'idar kowa da kowa ita ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu ba aiki, yana iya neman kashi 25, sauran sai ya kai 50. Baƙi masu barin ƙasa kuma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ƙa'ida ta daban a kansu, don haka ka gaya musu ƙarara kai ɗan Nijar ne mai komawa gida, su rubuta maka takardun da suke so tun kana nan. Ka gyara sunan magaji da lambar waya a fayil ɗin.

Na Kawo:

To na ji. Amma in ya karɓa ya canza sefa a nan ya sa a aljihu, shi ma sai da takarda?

Barista A.:

In ya haura kwatankwacin dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan a boda, in ba haka ba ana iya ƙwacewa. Bayyanawa ba biya ba ne, fom ne. Sannan Malam, Nijar ta fita daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, duk da ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta fasfo da zirga-zirga har sai an sanar da wani abu. Tunda za ka riƙa zuwa ganin iyali, ka leƙa ofishin shige da fice ka ji matsayin katin zamanka bayan ka bar aiki.

Mai tambaya, ta hannun shugaban zaure:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je ofishin haraji da takarduna. Sun ga sunana a 2023 da 2024, amma 2025 ba komai, sun ce kamfani bai kawo jerin bara ba. Na koma wajen akantanmu, ya ce kuɗin an biya, jerin ne ya makara, in ba shi mako biyu. Na fansho kuma wata biyar ne babu. In jira shi, ko in kai ƙara? Ndagi, motar na sayar, sai dai in bar maka tayar safaya.

Barista A.:

Ka ba shi mako biyun, amma a rubuce. Wasiƙa ɗaya zuwa ga manaja, ba akanta ba, ka ambaci shekarar 2025 da watanni biyar ɗin da sunayensu, ka sa ranar da wa'adin zai cika, ka ce kana neman a cire sharaɗin riƙe sallamarka tunda jinkirin daga wajensu ne. Ka nemi kwafin rasit ɗin da ya ce an biya, yau ba sai jerin ya fito ba. In ranar ta wuce shiru, ka kai kwafin wasiƙar KADIRS, na fansho kuma ka rubuta wa PenCom. Motar da ka sayar, ka tabbata an canza sunan a takardu kafin ka tafi. Ka turo min wasiƙar ta akwatin sirri in duba maka kafin ka kai.