Me za mu kira "kamba" da Hausa? Maganar taya mai cin gefe ɗaya

Mai Alaimen: Salamu alaikum. A gareji muna cewa kamba, amma mai mota ba ya ganewa, wani ma sai ya ɗauka garin Kamba na Kebbi ake nufi. Ga abin: ka tsaya gaban mota ka dubi tayar gaba. In samanta ya shiga wajen inji, gefen ciki take ci. In ya fita waje, gefen waje take ci. Ina ganin mu ce "karkatar taya".

Tsohon Makaniki: Wa alaikumus salam. Malam, karkata ba ta zauna min ba. Duk wanda ya ji ta zai ɗauka lalacewa ce, alhali kamfani da kansa yake barin ɗan kaɗan, sau da yawa bai kai digiri 1 ba, don taya ta kama titi a kwana. In ka ce wa yaro taya ta karkace, miƙe ta zai yi sak, ya ɓata aiki. A ce "tsayuwar taya". Sannan Hausa ta riga ta raɗa wa ƙafa suna: gwame, gwiwa ciki sawu waje, shi ne saman taya ya shiga. Ƙafar baka kuwa saman ya fita.

Ɗan Maraɗi: Baba ya gama magana. Nan wajenmu karosaj ake cewa daga Faransanci, shi ma makaniki kaɗai ya san shi. Gwame kuwa har tsohuwa ta sani.

Injiniya: Na yarda, amma sai an ba ɗan'uwansa suna, don shi ya fi cinye taya. Wato inda hancin tayoyin biyu ya dosa, ciki ko waje, wanda ake gyarawa a tairod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Mu ce "kallon taya". Shafa tafin hannu a kan tayar daga gefe zuwa gefe. In ka ji kaifi kamar haƙorin zarto, kallo ne. In gefe ɗaya ya suɗe sumul, tsayuwa ce.

Mai Alaimen: To bari in gwada kalmomin a bakin aiki, mu ji ko za su ɗauka.

Ajiye mota a daɓen siminti mai lebur, iska daidai a tayoyi, sitiyari a miƙe. Ɗaura noti a bakin zare, ka saki zaren kusa da taya, ya ratsa tsakiyarta ba tare da ya taɓa roba ba. Auna daga zare zuwa leɓen rim na sama, sannan na ƙasa. A rim mai inci 15, bambancin milimita 7 kusan digiri 1 ne. Na sama ya fi nisa, gwame. Na ƙasa ya fi, baka. Kada hagu da dama su bambanta fiye da rabin digiri, in ba haka ba mota za ta riƙa ja wajen tayar da ta fi baka.

A irin su Corolla, noti biyu ne ke ɗaure gindin shokazoba. Ɗaga mota, sa mata abin tokara, kada ka dogara da jak. Sassauta na ƙasa, cire na sama ka sa notin saita tsayuwa, mai ƙusumbi a jikinsa, a madadinsa. Juya shi yana tura saman taya ciki ko waje. Hilux kuwa notin saitinta yana hannun ƙasa, ƙarfen da ke riƙe taya da jikin mota, da faifai mai zane-zane, sai ka yi masa alama da fenti kafin ka taɓa.

Tsohon Makaniki: Ka tsallake inda ake faɗuwa. Da ka sauke mota daga jak kada ka auna. Tayoyi sun sauka a matse, awon ƙarya za su ba ka. Tura ta baya da gaba kamar mita 2, ka danna gabanta sau biyu uku tukuna. Kuma kafin komai, riƙe tayar sama da ƙasa tana ɗage ka girgiza. In tana wasa, boljoyin ne (gaɓar da ke haɗa taya da hannu) ko boris, ko bushin (robar gindin hannu) ya mutu. Saita tsayuwa a kan mataccen bushin wanka ne da ruwan kwata. In gwamen taya ɗaya ya kai digiri 2, mai yiwuwa rami ya lanƙwasa shokazoba ko hannu, in haka ne noti ba zai rufa asiri ba, canji ne.

Injiniya: Noti mai ƙusumbi ya fi na asali siranta, a ɗaure shi da ƙarfin da aka rubuta a kwalinsa, ban da ƙara bututu a sifana. Kuma duk wanda ya taɓa tsayuwa ya taɓa kallo, dole a sake saita tairod, ko sabuwar taya ta tafi cikin 'yan watanni.

Ɗan Maraɗi: Saura na ukun, kasta, kwanciyar shokazoba baya in ka duba daga gefe. Kishingiɗa?

Tsohon Makaniki: Bar shi haka tukuna, ba ya cin taya sosai. Mu fara jin yadda "tayarka ta hagu ta yi gwame" za ta shiga kunnen direbobi.