Littattafan da Baba ya bari: yaya za mu gyara su, mu kai su Kaduna lafiya?

Maman Khalil, Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar ɗaki guda na littattafai a gidanmu na cikin garin Kano, wajen Yakasai. Mun ƙirga sun haura 400. Akwai na addini masu bango mai kauri da ya riƙa sayowa a Makka da Madina da Alƙahira, akwai na Hausar boko da tsofaffin jaridu a ɗaure, sai gafaka biyu na rubutun hannu, Larabci da ajami, da ya gada wurin kakanmu. Ɗakin ginin ƙasa ne, mun ga hanyar gara a bangon gabas. Wasu suna warin fumfuna, wasu takardar ta yi ja tana karyewa. Za a rushe ɗakin bayan salla, kuma Yayanmu da ke Kaduna ya ce a kai masa. Yaya za mu tsaftace su, yaya za a ɗauke su ba tare da ɓarna ba? Kuma ta yaya jikokinsa za su amfana da su?

Mai Ɗinkin Littafi, Kurmi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa. Hajiya, kafin maganar mota a fara raba lafiyayye da mara lafiya, domin littafi ɗaya mai ƙwaro in ya shiga kwali ya isa ya shafa wa sauran.

A zaɓi ranar da babu hadari, a shimfiɗa tabarma a zaure ko rumfa mai iska. A inuwa, ba a rana ba. Mutane na shanya littafi a rana kamar barkono, alhali rana tana ƙone gam ɗin da ke riƙe da ɗinkin, bango ya lanƙwashe, takarda ta ƙara ja. Duk mai aikin ya sa takunkumi, ƙurar fumfuna tana tayar da asma.

Ga yadda ake gane mai ƙwaro: a riƙe littafin a kan farar takarda a bubbuga shi a hankali. Idan wani gari mai laushi kamar na katako ya zubo, akwai mai ci a ciki, a ware shi. Lafiyayyun kuma a share su da sabon burushin fenti mai laushi, littafin a rufe a matse a hannu, ana sharewa daga wajen ɗinki zuwa waje. Kada jiƙaƙƙen tsumma ya kusance su.

Mai fumfuna a tsayar da shi a buɗe, shafukan a warwatse, fanka na kaɗa shi kwana biyu zuwa uku. Sai ta bushe ta zama gari sannan a share. Wanda ya goge ta tana ɗanya ya tura ta cikin takarda ke nan, tabon ya zauna ba fita.

Masu ƙwaro maganinsu sanyi ne. A sa littafi a leda mai kauri, a matse iskar, a ɗaure, a ƙara leda ta biyu, a sa a firizar da sanyinta ke kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili har kwana 7. In an fito da shi kada a kwance sai washegari, don raɓar ta taru a jikin leda maimakon takarda. Amma da sharaɗi: wuta ba ta ɗaukewa. Firizar da ke daskarewa da dare ta narke da rana jiƙa littafin za ta yi. In babu sola, a haƙura, a share shi shafi-shafi, a ajiye shi shi kaɗai a roba mai murfi a kan farar takarda, ana dubawa duk mako har wata guda.

Gara kuwa ba a littafi take zaune ba, gidanta na cikin ƙasa, ta bango take hawowa. Da an raba littafi da bango da daɓe an yanke mata hanya. Saboda haka kantar ƙarfe, matakin farko ya yi sama da ƙasa da kamar taƙi guda, a bar yatsu huɗu tsakaninta da bango. Kuma a guji bangon gabas, don daga can hadarinmu ke tasowa, shi ke shan dukan ruwa ya riƙe laima.

Yanzu gyara, nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kada a sa salatif. Bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana zama ruwan ƙasa ya ratsa takardar, ledar ta faɗi, tabon ya rage. Kada kuma a kai wa masu laminatin, zafi ne ke manna ledar, ba ta sake cirowa. Abin da ake liƙi da shi sitacin alkama ne. In ba a samu ba, a kwaɓa fulawa da tauri a wanke ta cikin ruwa, farin da ya kwanta a ƙasan kwano shi ne. Awo ɗaya na sitaci, awo biyar na ruwa, a ƙaramar wuta ana juyawa kamar minti 20 har ya yi garai-garai, a bar shi ya huce, a tace da ƙyalle. Kwana biyu zuwa uku yake yi ya yi tsami, don haka kaɗan ake damawa. A yago siririyar takarda mara nauyi, yagowa ba yankawa ba don bakinta ya saje, a shafa mata sitacin sama-sama, a ɗora kan yagewar. A rufe da ƙyalle mai santsi da takarda mai shan ruwa, a danne da abu mai nauyi sai ya bushe.

Ƙananan littattafan Hausa da aka maƙale da waya a tsakiya, wayar ce ke tsatsa ta cinye takardar. A ɗaga ta da bakin wuƙa a cire, a huda rami uku a kan ninkin. Allura da zaren auduga: a shiga ta tsakiya daga ciki, a dawo ta ramin sama, a tsallake zuwa na ƙasa, a sake fitowa ta tsakiya, a ƙulle a kan dogon zaren. Minti biyar ya isa.

Jaridun da takardun da suka yi ja ba su da magani, daga asalin takardar ne, ta niƙaƙƙen itace ce mai tsami. A kwantar da su a miƙe, a ɗauki hotonsu tun ana iya buɗewa.

Almajirin Madabo:

Allah ya gafarta wa Malam. Hajiya, gafakan nan biyu su ne abin tsoro. Littafin bugu in ya lalace a je Kurmi a sayo wani. Rubutun hannu ba shi da na biyu.

Warƙa-warƙa suke, ba a ɗinke ba, kuma kada kowa ya ce zai ɗinke su. Mutum ɗaya ya buɗe, a kashe fanka, hannu a wanke a bushe. Idan sun riga sun hautsine, a duba ƙasan bayan kowace warƙa ta gefen hagu, za a ga kalma guda ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita magabata ke jera littafi. In an jera, a sa lamba ƙarama a kusurwa da fensir, ban da biro.

Tawada iri-iri ce. Ta gawayi da ƙaro ɗigon ruwa ɗaya ke narkar da ita, har gumin yatsa ko yawun da ake lasa a juya shafi. Yambari, wadda ake yi da bagaruwa da ƙarfe, ba ta wankewa amma tana cin takarda a hankali: za a ga inuwa mai ruwan ƙasa kewaye da haruffa, inda alƙalami ya zauna da yawa har ya huje. Don haka sitacin da ɗan'uwa ya kwatanta kada ya taɓa inda rubutu yake a waɗannan. A bar yagewar yadda take.

A ɗaga warƙa ɗaya a hasken taga. In an ga jinjirin wata guda uku a jikin takardar, ta ƙasar Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa kawowa Kano a da ta Sahara daga Tarabulus. A duba kuma shafin ƙarshe, galibi nan marubuci ke sa sunansa da na wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da rana. Ta nan za ku san ko hannun kakanku ne.

Fatar gafaka in ta bushe kada a shafa mata man shanu ko man gyaɗa, yana ratsawa ya kai ga takarda. A yanka kwali biyu da suka ɗan fi warƙar faɗi, a sa sama da ƙasa, a naɗe da wankakken farin ƙyallen auduga, a ɗaure sako-sako. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa da hantsi, ba tare da fitilar waya ba, a ajiye hotunan wuri biyu. Tunda Kaduna za su, a Arewa House akwai masu kula da irin waɗannan takardu. A nan gida kuma ɗakin karatu na Jami'ar Bayero yana da sashensu. Abu ɗaya da mutane ba su sani ba: rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin kayan tarihi a doka, ba a fita da shi ƙasar waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Sannan littattafan nan gado ne, Hajiya, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki. Kada a ɗauka a kan maganar mutum ɗaya. A zauna. In za a raba, kada a raba juzu'an littafi guda, wannan ya ɗauki na ɗaya wancan na uku, an kashe shi ke nan. A yi masa kuɗi mutum ɗaya ya ɗauka. In kuma duk sun yarda su bar shi waƙafi, a rubuta da shaidu, a faɗi sunan mai riƙo.

Ɗan Unguwa Uku:

Ta ɓangaren hanya, Kano zuwa Kaduna ta Zariya kusan kilomita 230 ce. A yi shata, kada a kai tasha a ce a saka a lodi. Can za a haɗa su da jarkar manja da ta fetur, yaran mota su taka.

Ƙananan kwalaye, irin na taliya, sababbi in da hali, don tsoho na ɗauke da ƙwan kyankyaso a cikin ninkinsa. Kowane kada ya wuce kilo 15. Manya a kwance, mafi faɗi a ƙasa. Matsakaita a tsaye kamar a kanta. Kada a kifa littafi a kan bakinsa, nauyin shafukan zai ɓalle su daga bango a gargada. A cusa takarda a duk wani gurbi har in an girgiza kwali ba a ji motsi. Ghana-mas-go ba ta littafi ba ce, tana karya kusurwa. Littafi 400 zai ci kwali wajen 20, ƙaramar mota ba za ta ɗauka ba, sai ƙaramar bas, kuma kada a ɗora fiye da uku a kan juna. A sa wa kowane lamba, a rubuta abin da ke ciki a takarda daban. A tashi bayan asuba kafin rana ta yi. In damina ce a shimfiɗa leda cikin kwalin, amma a buɗe ranar da aka isa. Gafakan a riƙe su a cinya.

Malama Uwar Biyu, Tarauni:

Yaya Maman Khalil, ni ban goyi bayan a kwashe duka ba. Damina a Kaduna ta fi tamu tsawo da ruwa, littafin da ya tsira a bushewar Kano can zai fi saurin fumfuna in ɗakin ba iska. Kuma yaro abin da idonsa ke gani hannunsa ke kaiwa shi yake karantawa. In yawancin jikokin a Kano suke, na Hausar su zauna a nan, a matakin ƙasa na kanta a falo. Waɗanda suka tsufa da yawa a sayo sabon bugu yara su yi ta murza, a ɓoye na asali.

Kafin a rufe kwali ko ɗaya, a buɗe shafin farko da na ƙarshe na kowane littafi. Iyayenmu a nan suke rubuta garin da suka saya da shekarar, wani lokaci da ranar haihuwar ɗa ko rasuwar wani. A ba yaran da suka kai aji huɗu zuwa sama aikin kwafe wannan a babban littafin rubutu: lamba, sunan littafi, gari, shekara. Sai a manna taswira a bango su riƙa sa alama a kowane gari. Yaron da ya gano da kansa cewa wannan daga Alƙahira kakansa ya ɗauko shi, zai so ya san abin da ke ciki.

Karatu da ƙarfi minti 15 bayan isha'i, kullum, ya fi awa biyu ranar Asabar. A tsaya inda labari ya yi daɗi. Abin da aka karanta na tarihin gari a kai su su gani, Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata duk ga su kusa. A mota kada a ba yaro littafi, jiri da amai yake sawa. A naɗi muryar kawunsu ko kakarsu tana karantawa, a kunna a hanya.

Ajamin kuwa a koya musu daga hotunan. Wanda ya saba da Alƙur'ani bugun Madina zai yi tuntuɓe a wuri uku: fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, sai babban ɗigon da ake sawa ƙarƙashin harafi don wasalin "e". Da an nuna masa waɗannan sai ya kama hanya.

Maman Khalil, Gwammaja:

Allah ya saka da alheri, za mu zauna da Yaya kafin a taɓa komai. Malam mai ɗinki, kafur da fiya-fiya fa? An ce mu zuba a kwalayen.

Mai Ɗinkin Littafi, Kurmi:

Fiya-fiya kada ta kusanci littafin da yara za su riƙe, guba ce, takarda kuma tana shanye ta. Kafur sai a rufaffen akwati yake aiki, shi ma ba a so yara su shaƙa, balle su ɗauka su sa a baki. A shanya ganyen darbejiya a inuwa ya bushe ƙayau, a ƙulle a ƙyalle da ɗan kanumfari, a ajiye a bayan kowane mataki, kada a cusa cikin shafi don yana barin tabo. Korar ƙwaro yake yi, ba ya kashewa. A sauya shi farkon damina da farkon hunturu, a sauko da littattafan a karkaɗe su a lokacin, musamman a watan Agusta a leƙa bayan kanta duk mako.