An nemi in ba PAC dala 500, in bayar ko in haƙura?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Ina jihar Virginia a Amurka, ina da girin kad, wato izinin zama na dindindin, amma ban zama ɗan ƙasa ba. Wani kwamitin tara kuɗin siyasa, irin waɗanda ake kira PAC, ya nemi dala 500 don ɗan takarar majalisar jiha. Doka ta yarda? Sunana zai fito?

Maman Fadila: Kul, ƙanena! Baƙo ba ya ba da ko sisi a zaɓen Amurka.

Injiniya: Hajiya, ai ya ce yana da girin kad. Irinsa an yarda ya bayar, mai bizar karatu ko ta aiki aka hana. Suna kuwa zai fito, a Virginia abin da ya haura dala 100 ana rubuta shi har da wurin aikinka.

Alhaji Tsoho: Ku har suna ake rubutawa? A 2023 na sayar da filina a gida, na kai wa ƙungiyar goyon bayan wani ɗan takarar gwamna naira miliyan 4. Ko rasit babu. Ya ci zaɓe. Sau uku ina zuwa, mai gadi yana ce min oga yana ganawa. Yanzu ko waya ba a ɗauka, filin kuma an yi masa bene. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ta ce ɗan takarar gwamna kada ya kashe fiye da naira biliyan 1. Wa ya ƙirga?

Bakano: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma a zaɓen 2023 fom ɗin takarar gwamna kaɗai miliyan 50 ne, naka ko kuɗin fosta bai kai ba.

Gimbiya: Miliyan 21 dai.

Bakano: Na PDP ke nan, ni na APC nake faɗa.

Maman Fadila: To kada ka wuce dala 3,300, nan iyakar take.

Injiniya: Wannan iyakar zaɓen tarayya ce ta 2024. Virginia ba ta sa iyaka ba sam.

Maman Fadila: Shekarata 19 a ƙasar nan, Injiniya. Yaushe ka zama lauya?

Gimbiya: Ni dala 20 na taɓa bayarwa, har yau saƙon roƙo ke tashina sallar asuba.

Alhaji Tsoho: Af, tunda ana zancen rasit, ina kuɗin da muka tara na rijiyar burtsatse a ƙungiyar 'yan garinmu? Ma'aji yana nan, yana karantawa.

Ɗan Zazzau: Jama'a, in bayar ne?