Wai Lokaci Ruɗi Ne? Gardama a Zauren Gidanmu

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Yau malaminmu ya ce wai babu wani abu lokaci, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙirar jiya da yau da gobe. Abin ya tsaya mini a rai.

Kawu Direba: Ka ce masa ya zo tasha ya faɗa wa fasinjan da ya yi awa uku yana jiran mota ta cika.

Yaya Babba: Kawu, ai shi ka taya. Awa ukun nan wa fasinja kamar shekara suke, kai kuwa da kake teburin mai shayi ba ka ma ji wucewarsu ba. Kuma maganar ta wuce jin jiki. A 1971 an ɗora agogunan atom, wato agoguna masu tsananin daidaito wajen auna lokaci, a jiragen sama suka zagaya duniya, da suka dawo sai aka ga ba su yi daidai da waɗanda aka bari a ƙasa ba, kamar yadda lissafin masanin kimiyya Einstein ya nuna. Agogon taurarin ɗan adam na GPS, masu nuna wa waya hanya, ma a kowace rana yana ƙara yin gaba da namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa. Da ba a gyarawa, da taswirar wayarka ta kai ka wani gari.

Anti: Tsaya Yaya. Abin da aka auna har aka ga bambancinsa, ta yaya za a ce babu shi? Ƙwan da na fasa da safe har yanzu bai koma cikin ɓawonsa ba. Furfurar Kawu kuma ba ƙwaƙwalwata ce ta zana ta ba.

Kawu Direba: Ke, bar furfurata.

Baba Malam: Ku duba Ashabul Kahfi. Shekara 309 suna barci, da suka farka suka ce yini ɗaya ko wani yanki na yini. Jinsu ne ya ruɗe, shekarun na nan. Masu tafsiri sun ce kuɗin da ɗayansu ya kai kasuwa ne ya tona asiri, don an daɗe da daina karɓar irinsa. Kuma Allah ya rantse da zamani a Suratul Asri.

Yaya Babba: Allah gafarta Malam, ban musa ba. "Yanzun" nan nake tuhuma. Ranar da muke duba inuwarta don azahar, haskenta ya baro ta minti takwas da suka wuce. Babu yanzu ɗaya da ta game ko'ina.

Anti: Na yarda da wannan. Ƙwan fa?

Yaya Babba: Hanyoyin wargajewa sun fi na haɗuwa yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa.

Anti: To ai ka ga akwai gaba da baya ke nan.

Yaya Babba: Ina zuwa, caji na ya kusa ƙarewa.

Kawu Direba: Ni dai lodin Kaduna ƙarfe shida. Sai da safenku.