Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba kayan babur da ake kira "aftermarket"?

Jama'a, kalmar da nake so mu tsayar a wannan karon ita ce "aftermarket", wadda ba a raba ta da zancen manyan baburan nan da ake kira kuruza. Su ne masu sirdi ƙasa-ƙasa, waɗanda mahayi ke miƙe ƙafafunsa gaba ya ɗan kishingiɗa, kuma galibi injinsu silinda biyu ne da suka haɗu kamar harafin V. Asalin fasalin daga Amurka yake, wajen kamfanin Indian da aka kafa a 1901 da Harley-Davidson da aka kafa a 1903, kafin kamfanonin Japan su shigo da irin nasu, kamar Yamaha Virago a 1981 da Honda Shadow a 1983. Da wuya mai irin wannan babur ya bar shi yadda ya fito daga masana'anta. Sai ya sauya salansa, ko sirdi, ko kan babur, ko madubi, kuma yawancin abin da yake ɗaurawa ba kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne ya yi shi ba. Waɗannan kayan ne muke nema wa suna.

Fassarar kai tsaye, wato "kayan bayan kasuwa", ba za ta yiwu ba, domin duk Bahaushen da ya ji ta zai ɗauka kayan da ake sayarwa a ɓoye ake nufi, na sata ko na fasa ƙwauri, alhali cinikin nan a fili ake yin sa.

Wasu sun kawo "jabu", kuma a nan ne nake so mu tsaya sosai, saboda kuskuren ya fi na farko illa. Jabu shi ne abin da aka yi don ya yaudari mai saye, aka manna masa sunan da ba nasa ba. Kayan da muke magana a kansu kuwa da sunan maƙerinsu suke fitowa, kuma sau da yawa sunan ne ma ake saye. Kamfanin S&S Cycle, wanda ya fara aiki a 1958, yana ƙera kafireto har ma da cikakken inji da ke zama daidai a jikin babur ɗin Harley-Davidson. Vance & Hines, wanda aka kafa a 1979, ya yi suna a kan salansa, kuma mutum kan cire sabuwar salansar da ba ta taɓa lalacewa ba don ya saka tasu. Idan muka kira wannan jabu mun zalunci maƙerin, mun kuma ɓatar da mai karatu. Haka nan "gwanjo" bai dace ba, tunda sababbi ne fil. "Kayan gyara" ya ɗan kusanto, amma gyara yana nuna akwai abin da ya ɓaci, a nan kuwa lafiyayyen abu ake cirewa saboda mai babur yana son wani sauti, ko wani zama, ko ƙarin ƙarfi.

Wanda ya ce "kayan kwalliya" ya kama rabin maganar ne kawai. Gaskiya ne akwai madubi mai ƙyalli da murfin tanki mai zane, waɗanda ba su da wani aiki sai ƙawa. Amma a duba abin da ke faruwa idan aka sauya salansa da matatar iska: iska za ta riƙa shiga inji fiye da da, man da ke haɗuwa da ita ya yi kaɗan, inji ya riƙa ɗaukar zafi, har a ji yana fashe-fashe idan an saki totur, sai an sake saita kafireto ko kwamfutar da ke raba mai. Wanda ya saka dogon kan babur, irin wanda hannaye ke kai wa kafaɗa ko su wuce ta, dole ya sauya wayar kuloci da bututun man birki da wayoyin wuta, domin na asali ba za su kai ba, kuma juya babur ɗin a ƙaramin wuri zai canza masa. Abin da ya shafi birki da zafin inji ya wuce a ce masa kwalliya.

Kalmar Turancin, yadda mahaya ke amfani da ita, tambaya ɗaya take amsawa: wa ya ƙera? Ba ta cewa komai game da inganci, ko tsufa, ko dalilin saye. Saboda haka shawarata ita ce mu ce "ƙirar bare", kishiyarta kuma "ƙirar asali". Bare shi ne wanda ba ɗan gida ba, kuma kamfanin da ke yi wa babur ɗin wani kamfani salansa bare ne a gidan, komai ƙwarewarsa. Na guji "ƙirar waje" domin za a ji ta a matsayin kayan ƙasashen waje, alhali Harley-Davidson da S&S Cycle duk a jihar Wiskonsin ta Amurka suke. Na san a rubuce "bare" kan yi kama da wadda ke nufin "balle", amma zuwanta bayan "ƙirar" ya toshe wannan ruɗani.

Akwai ƙorafi guda da ya cancanci amsa. A ma'anarta ta 'yan kasuwa, kalmar ta haɗa duk abin da ake sayar wa mai babur bayan ya sayi babur ɗin, har da wanda kamfanin asali ya ƙera. Harley-Davidson na da kayan ƙarin ƙarfi nasa masu suna Screamin' Eagle, kuma a 2016 ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhume shi kan na'urorin sake saita inji kimanin 340,000 da ya sayar, waɗanda ke ƙara gurɓata iska. Waɗannan ba ƙirar bare ba ne, ko da yake bayan saye ake ɗaura su. Ina ganin bai kamata mu tilasta wa kalma ɗaya ɗaukar kaya biyu ba. Duk abin da aka ɗora wa babur bayan saye, kamar gilashin tare iska da majinginar fasinja da jakunkunan gefe (waɗanda ni zan kira mangala), mu ce masa "kayan ƙari", sannan mu bayyana ko ƙirar asali ne ko ƙirar bare. Aikin gaba ɗaya kuma "sake fasali" ya ishe shi.

Bambancin yana da amfani har a maganar garanti. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 a Amurka ta hana kamfani ya sa sharaɗin cewa sai an yi amfani da kayansa kaɗai garanti zai ci gaba, kuma a 2022 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta sa Harley-Davidson ya gyara takardar garantinsa a kan wannan batu. Da kalmomin nan za a iya rubuta labarin a taƙaice: saka ƙirar bare ba ya soke garanti, sai dai kamfani na iya ƙin gyara ɓarnar da kayan suka jawo. Ina roƙon masu aikin kanikancin babur da ke cikinmu su gwada jimlar "salansar nan ƙirar bare ce" a bakinsu, su gaya mana ko ta zauna, ko kuwa akwai wata kalmar da suka riga suka saba faɗa.